Mai taɓin hankali ma yana da hanta

A Toumboutou da sauran ƙauyukan Malanville, kan iyakar Benin da Nijar, da zarar an ce wane ya samu taɓin hankali, shi ke nan, ba a ƙara sauraron jikinsa. Idan ya rame, a ce hauka ne. Idan idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, a ce aikin iskoki ne. Ba mai tunanin hanta.

Alhali a hanyar nema masa lafiya ne sau da yawa ake saka masa wata cutar. A kai shi wurin mai magani, a aske masa kai ƙwal, a yi masa tsaga ko ƙaho da askar da aka yi wa wani ɗazu, aka goge ta da tsumma kawai. In ya tayar da hankalin gida, a kira mai allurar bayan fage, ba wanda ya tambayi inda sirinjin ya kwana. Ciwon hanta nau'in C ta jini yake bi, ba shi da allurar rigakafi, kuma yakan yi shekaru yana cin hanta shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 50 ne ke ɗauke da shi.

A da likitoci suna da uzuri. Tsohuwar allurar maganin cutar, Interferon, takan jefa mutum cikin baƙin ciki mai tsanani, shi ya sa ake ƙin ba masu taɓin hankali. Wannan uzuri ya faɗi. Tun 2013 aka fara samun ƙwayoyi irin su Sofosbuvir, waɗanda ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, galibi cikin wata uku. Masar ta gwada jinin miliyoyin mutanenta tun daga 2018, ta kusa raba kanta da cutar.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wanda ya fi kowa buƙatar gwajin shi ne wanda ba zai iya zuwa ya nema da bakinsa ba. Asibitin Jacquot na masu taɓin hankali yana can Kwatano, ɗaruruwan kilomita daga Malanville, amma gwajin ɗigon jini daga yatsa ba ya buƙatar wannan doguwar tafiya.

Ku masu majinyaci a gida, ku sayi reza sabuwa domin askinsa, ku hana a taɓa shi da tsohuwar allura. Ran da kuka kai shi asibiti, ku ce a gwada masa hanta.