Baƙin Man Motar Gazuwal: A Karanta Jikin Galan Kafin a Biya

A wannan fitowa filin namu zai leƙa gareji, domin a gidaje da yawa mota ce kadara mafi tsada bayan gidan kansa. Ita ke kai yara makaranta, ita ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare, ita ke kai iyali ƙauye ranar biki ko ta'aziyya. Magidanta da dama sun zaɓi mai shan gazuwal saboda ƙarfinta da jimirinta a doguwar tafiya. Sai dai ranar juye mafi yawanmu mukan miƙa wa yaron gareji kuɗi, mu ce ya sayo mai kyau, mu koma inuwa mu zauna. Alhali abin da ya zuba shi zai yanke ko motar za ta ƙara shekaru goma tana hidima, ko kuwa inji ya buga tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, da iyali a ciki, da rana tsaka.

Injin gazuwal ba shi da fulogin da ke kunna wuta kamar na fetur. Iska yake matsewa, sau 16 zuwa 22, har ta yi zafin da gazuwal zai kama da kansa. Wannan matsi yana ɗora wa ƙarafan ciki nauyi mai yawa, kuma ƙonewar tana barin kunkunniya, wadda wani kasonta ke zurarewa ta gefen fistin ta shiga cikin mai. Saboda haka man injin gazuwal yana ɗauke da sinadarai masu riƙe wannan baƙin su hana shi dunƙulewa ya toshe hanyoyi. Wanda ya ga mansa ya yi baƙi ƙirin kwana uku bayan juye, kada ya zargi makaniki da ha'inci. Man yana aikinsa ne. Wanda ya kamata ya damu shi ne mai tsohuwar motar da ta yi wata biyu tana tafiya manta yana nan garau, domin dattin yana can ya kwanta a wani wuri.

Akwai al'adar da muke so mu yi wa bankwana, wato murza mai tsakanin yatsu biyu don a gane ingancinsa. Yatsa yana jin kaurin mai a inuwar shago, inji kuwa yana aiki da shi a zafin digiri 100 ko fiye. Man da ya yi danƙo kamar zuma a hannu yana iya tsinkewa kamar ruwa idan ya ji wuta. Amsar tana rubuce a jikin galan, a lambobi irin 15W-40 ko 5W-30. Lambar farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudana idan inji ya yi sanyi: iya ƙanƙantarta, iya saurin isarsa ko'ina da an tayar da mota. Ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100. Mutanenmu kan ce ba mu da ƙanƙara, don haka lambar farko ba ta shafe mu ba. Wanda ya taɓa tayar da mota da asubahin hunturu a Agadas ba zai faɗi haka ba. Babban rabo na cin ƙarfe yana faruwa ne a daƙiƙun farko, kafin mai ya hau sama, kuma man nan mai lamba ɗaya tak, SAE 40 ko SAE 50, da ake aunawa daga duro, shi ya fi kowane jinkirin hawa.

Ga tsofaffin injuna masu sauƙin sha'ani, irin na Peugeot 504 da 505, da Mercedes 190D, da injin 1HZ na Land Cruiser, 15W-40 ya wadatar a zafinmu na bazara. Idan inji ya tsufa har yana shan mai, wasu kan koma 20W-50. Wannan rufin asiri ne na ɗan lokaci kafin a tara kuɗin gyara, kuma bai halatta a injin zamani ba, wanda ramukan mansa sirara ne ƙwarai. Tun daga 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci tsarin feshin gazuwal mai matsanancin ƙarfi, wanda muke gani da sunaye kamar HDi, CDI, dCi da D-4D, kuma kusan dukkansu suna da turbo. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, ba ta da abin da take kwanciya a kai sai siririn mai. Irin waɗannan sun fi son 5W-40 ko 10W-40, ko abin da littafin motar ya ambata. Kuma bayan doguwar tafiya, a bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe, don kada man da ke cikin turbo ya dahu ya zama gawayi.

Kauri rabin labari ne. Sauran rabin yana cikin ƙananan haruffan da ba a cika dubawa ba. A ma'aunin Amurka, API, harafin S na injin fetur ne, harafin C kuwa na gazuwal. Galan da aka rubuta wa SL ko SN kaɗai, babu C, ba na motarmu ba ne, komai kyan hoton da ke jikinsa. Harafin da ke bin C yana nuna zamani: CF na 1994 ne kuma an daina ba da lasisinsa, CH-4 na 1998, CI-4 na 2002, CK-4 na 2016. Ga tsohuwar mota, CH-4 ko CI-4 zaɓi ne mai kyau, domin an tsara su su jure gazuwal mai farar wuta da yawa, kuma za mu dawo kan wannan.

Amma yawancin motocin iyali da ke titunan Yamai, Maraɗi da Damagaram na hannu ne daga Turai, sun shigo ta Kwatano ko Lome, don haka ma'aunin Turai, ACEA, shi ya fi dacewa da su. A nan ne ake yin kuskure mai tsada. A shekarar 2000 kamfanin Peugeot ya fitar da 607 da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda ake kira FAP da Faransanci, kuma daga dokar Euro 5 ta 2009 kusan kowace ƙaramar motar gazuwal a Turai tana fitowa da ita. Matatar tana tare kunkunniya, lokaci-lokaci ta ƙone ta. Abin da ba ta iya ƙonewa shi ne tokar da sinadaran mai ke bari. Idan aka zuba wa irin wannan mota man gargajiya, mai alamar A3/B4, tokar za ta taru sannu a hankali har matatar ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, mota ta rasa ƙarfi. Abin da take buƙata shi ne mai ƙarancin toka, mai alamar C2 ko C3. Wasu kamfanoni ma suna da lambarsu ta kansu: 507.00 ga Volkswagen, 229.51 ga Mercedes, RN0720 ga Renault. Idan littafin ya ɓata a hanya, kamar yadda ya saba, a duba murfin zuba mai da takardun da ke manne a ƙarƙashin bonet, ko a nemo littafin a intanet da lambar jikin motar.

Mun san cewa gareji da yawa suna fasa matatar su zubar da cikinta, su ce an huta. Aljihu ya huta, gaskiya ne, amma hayaƙin ya koma huhun yaran da ke bakin titi, kuma tun 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke jawo cutar. Ko mene ne ra'ayin mai mota, ya tambaya ya tabbatar ko tasa tana nan ko an cire tun kafin ya saya, domin zaɓin mai ya rataya a kan amsar.

Yanzu batun farar wuta. Idan gazuwal ya ƙone, farar wutar da ke cikinsa tana haɗuwa da danshi ta zama asid, dangin ruwan batir, ta sauka cikin mai. Man yana da sinadarin da ke kashe kaifinta, amma sinadarin ƙarewa yake. A Turai, tun 2009 gazuwal ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. A yankinmu kuwa, binciken da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizilan ta wallafa a 2016 ya samu gazuwal mai kashi 3,780 cikin miliyan a wani gidan mai a Mali. A Fabrairun 2020 ministocin Afirka ta Yamma sun amince a Wagadugu da iyakar kashi 50. Sai dai takardar ministoci ba ta bin jarkar da ake sayarwa a bakin hanya, wadda ba wanda ya auna abin da ke cikinta. Ga inda gizo ke saƙa: man nan na C3 da sabuwar mota ke buƙata yana da ƙarancin wannan sinadari mai kashe asid idan aka gwada shi da A3/B4, domin an yi shi ne don gazuwal mai tsabta. Motar Turai mai matata, a ƙasar ƙura da gazuwal iri-iri, ba ta da mafita sai yawaita juye.

Saboda haka kilomita 20,000 ko 30,000 da littafin ya yi alkawari tsakanin juye da juye, alkawari ne ga mai tuƙi a Faransa ko Jamus. Littattafan kansu suna da shafin da ke magana a kan aiki mai tsanani, wato ƙura, zafi, gajerun tafiye-tafiye da yawan tsayuwa, kuma wannan shi ne kwatancin rayuwarmu ta kullum. A ganinmu, kilomita 5,000 ga man gargajiya, 7,500 ga na haɗin masana'anta da ake kira santetik, ko wata shida idan motar ba ta yawan fita, shi ne hankali. Tafiya Yamai zuwa Damagaram da dawowa ta kusa cinye kilomita 1,800, don haka mai zuwa gida sau uku ya riga ya kai. A canza matatar mai a kowane juye, kada a wanke tsohuwa a mayar. Matatar iska kuma a duba ta sau da yawa a lokacin hazo, domin ƙurar da ta wuce ta, cikin mai take ƙarewa, ta zama kamar yashin wanke tukunya.

Duk wannan karatu banza ne idan abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a jikinsa ba. Akwai masu tara tsohon mai su tace, su ɗura a galan na ainihi da suka saya daga yaran gareji. A saya a gidan mai ko shagon da aka sani, a duba hatimin murfi, a tsaya a ga an buɗe an zuba, sannan a huda galan ɗin ko a tafi da shi gida. Tsohon man da aka juye kuwa, kada a zubar da shi kusa da rijiya, kada a shafa wa dabba a gyambo kamar yadda wasu ke yi, guba ne.

Sau ɗaya a mako, da safe kafin a tayar, mota tana tsaye a wuri mai daidai, a zaro sandar awo a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamu biyu, kada ya haura ta sama. Idan mai mota mai matatar hayaƙi ya ga man yana ƙaruwa da kansa alhali bai ƙara ba, kuma yana warin gazuwal, to gazuwal ne ke sauka ciki saboda gajerun tafiye-tafiyen cikin gari suna katse ƙonewar matatar. Ya yi juye a makon, ko da kilomita ba su cika ba, sannan ya riƙa fitar da motar kan babbar hanya na kamar rabin sa'a lokaci-lokaci.