Shaihu Umar Ya Tsira, Sauran Fa?

Abin takaici ne a ce fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekara da shekaru ba a jin ɗuriyarsa. Ashe yana nan Ikko cikin gwangwanaye, a wani tsohon ɗakin ajiya na Hukumar Fina-finai ta Ƙasa. Sai a 2016 aka gano shi. Jamusawa suka gyara shi, aka nuna shi a birnin Barlin a 2018, baƙi suka riga masu abu kallo.

To, wannan ya tsira. Ina labarin wasannin Samanja da na Ƙarƙuzu, waɗanda magidanta suka riƙa ɗauka daga talabijin a kaset? Laimar Kudu ba ta raga wa kaset. Fumfuna na kama zarensa, shi ke nan.

Saboda haka ya kamata 'yan Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan su bincika akwatunansu. Duk mai irin wannan kaset kada ya bari ya shiga buhun 'yan gwangwan. Akwai ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a Jos, sarakunan Hausawa kuwa suna iya tattarawa su aika.