Ɗigo a Taswira Ba Ya Faɗin Halin da Ɗan'uwanka Yake Ciki

Kowace shekara a watan Maris ana gudanar da tseren Iditarod a jihar Alaska ta Amurka. Mutum ɗaya ne a kan keken ƙanƙara, karnuka fiye da goma suna jansa, tafiyar kusan kilomita 1,600 daga yankin Anchorage zuwa garin Nome. Tun 1973 ake yin sa, kuma ko masu saurin cikinsu sai sun haura mako guda a hanya.

Iyalan 'yan tseren suna bin su ne ta waya. Ana ɗaura na'urar GPS a jikin kowane keke, tana aika bayanin inda take ta tauraron ɗan Adam, wanda ya biya kuɗin rajista a shafin gasar sai ya ga ɗan'uwansa a matsayin ɗigo a kan taswira. A ganina wannan fasaha alheri ce, sai dai tana cutar da wanda bai iya karanta ta ba.

Ɗauki tsayawar ɗigo. Uwa ta duba waya ta ga ɗanta bai motsa ba tsawon sa'o'i shida, hankalinta ya tashi. Alhali dokar gasar ta wajabta hutu uku: na sa'o'i 24 a zangon da mutum ya zaɓa, na sa'o'i 8 a yankin kogin Yukon, da wani na sa'o'i 8 a White Mountain kafin ƙarshe. Ban da waɗannan, ɗan tsere kan yada zango a daji, ya shimfiɗa wa karnuka ciyawa, ya narka ƙanƙara ya dafa musu abinci, ya duba ƙafafunsu. A taswira duk wannan aikin tsayawa ce kawai, iri ɗaya da ta wanda kekensa ya karye.

Jerin matsayi ma yana ruɗi. Wanda bai yi hutun sa'o'i 24 ba tukuna zai bayyana a gaba, gobe kuma a wuce shi yana kwance.

Abin da ya faru a 2014 ya isa misali. Jeff King yana kan gaba, saura kaɗan ya isa Nome, iska mai ƙarfi ta fitar da shi daga hanya har ya janye. Aliy Zirkle ta fake a zangon Safety. Dallas Seavey ya wuce, ya ci gasar da tazarar minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, shi kuwa yana zaton na uku ya zo. Masu kallo a gida sun fi shi sanin matsayinsa, amma babu wanda ya ji irin iskar da ya ratsa.

Nan ne jarabar waya take shigowa. A 2015 an kori Brent Sass daga gasar saboda yana ɗauke da iPod Touch mai iya kama intanet. Daga 2017 aka sassauta dokar, aka yarda 'yan tsere su riƙe na'urorin sadarwa. Ke nan iyali na iya tura saƙo. Shawarata ita ce su kama hannunsu. Mutumin da bai yi barcin kirki ba kwana biyar, idan ya ga "wane ya kusa cim maka", yana iya rage wa karnukansa hutu, su kuma su biya bashin.

Wani zai ce to a cire na'urar kowa ya huta. Ban yarda ba. Tana da maɓallin neman agaji, kuma ita ke nuna wa masu ceto inda za su nufa a cikin guguwa. Gyaran yana wajen mai kallo: ya san dokokin hutu, ya duba lokacin shiga da fita zango da adadin karnukan da suka rage, ya ware lokutan duba waya maimakon sabunta shafi kowane minti.

Haka abin yake idan ɗan'uwanka ya tura maka wurin da yake kai tsaye ta WhatsApp yana kan tafiya. Ɗigon ya tsaya, wataƙila sabis ne ya ɗauke, wataƙila abinci yake ci. Ka ba shi lokaci kafin ka fara jera masa kira.