Rigimar "Shi" Da "Ita": Darasi Daga Turanci Da Faransanci

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban akawu a Ikko ko Badun ko Anaca yana cika takardar gwamnati, ko kuwa ya ƙetara Seme zuwa Kwatano da kaya aka miƙo masa takarda da Faransanci, ya san kalma ɗaya tak a rubuce tana iya buɗe wa mutum ƙofa, tana kuma iya rufe masa ita. To, yau fiye da shekara 50 ke nan ana wata jayayya a ƙasashen masu waɗannan harsuna biyu, a kan yadda ya kamata a ambaci mace a magana da kuma rubutu. Da jin haka wani zai ce ai wannan rigimar waɗanda suka ci suka ƙoshi ce. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tun da yake da waɗannan harsuna ake rubuta dokoki daga Ikko har Yamai, ya kamata mai karatu ya san mafarin zancen.

A fara da Turanci. A cikin 1850 Majalisar Dokokin Ingila ta yi doka cewa duk inda aka rubuta kalmar namiji a cikin dokokin ƙasa, to, ta haɗa har da mace, sai fa in an bayyana akasin haka. A 1867, sa'ad da ake gyaran dokar zaɓe, wani wakili mai suna John Stuart Mill ya nemi a cire kalmar "man" a sa "person" don mata su sami ƙuri'a. Wakilai 73 ne kawai suka goyi bayansa, shawarar ta faɗi. Da shekara ta kewayo, dubban mata a birnin Mancesta suka nemi a rubuta sunayensu cikin masu zaɓe, suna kafa hujja da waccan doka ta 1850. Kotu ta ce a'a. Watau in ana zancen haraji ko hukunci, kalmar namiji ta haɗa da mace, amma in ana zancen ƙuri'a sai ta koma ta maza zalla. Sai a 1918 wasu daga cikin matan Ingila suka sami ƙuri'a, ba su kuwa yi daidai da maza ba sai a 1928.

Abin da ya faru a Kanada ya fi wannan ban mamaki. Tsarin mulkin ƙasar na 1867 ya ce "persons" waɗanda suka cancanta ne za a naɗa a Majalisar Dattawa. Wasu mata biyar daga lardin Albata, cikinsu har da Emily Murphy wadda alƙaliya ce, suka nemi a fayyace ko kalmar ta haɗa da mace. A 1928 Kotun Ƙoli ta Kanada ta ce ba ta haɗa ba. Sai da suka ɗaukaka ƙara zuwa Landan, a watan Oktoba na 1929 aka soke wancan hukunci, a 1930 kuma aka naɗa mace ta farko a majalisar. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ƙara cewa kalma iska ce ba.

Daga wajen 1970 masu fafutukar 'yancin mata a Amurka da Ingila suka juya kan maganar yau da kullum. Suka ce don me za a kira namiji "Mr" ko yana da aure ko ba shi da shi, amma ita mace sai an tallata matsayinta, a ce "Mrs" in da aure, "Miss" in babu? Suka fito da "Ms" wadda ba ta tona asirin kowa. Jaridar New York Times ta daɗe tana ƙi, sai a 1986 ta yarda. Haka aka bi sunayen ayyuka ana cire musu wutsiyar "man", har "chairman" ya koma "chair" a wurare da yawa. A 2007 gwamnatin Birtaniya ta ba da sanarwar cewa sababbin dokoki za a riƙa rubuta su ba tare da jingina komai ga "he" ba. A taƙaice, hanyar masu Turanci ita ce a shafe alamar jinsi gaba ɗaya, kada a san ko mace ce ko namiji ne ke riƙe da muƙami.

Su kuwa matan Faransa sai suka bi ta wata hanya dabam, dalili kuwa shi ne harshensu ba ya barin a ɓoye jinsi. Kowane suna a Faransanci ko namiji ne ko tamata, kamar dai yadda yake a Hausa. Ƙa'idar da ake koya wa yara a makaranta ita ce namiji ke rinjaye: in mata ɗari suka taru da namiji guda, to, da lamirin maza za a ambace su duka. Malaman nahawu na ƙarni na 17 da na 18, irin su Vaugelas da Beauzée, ba su ɓoye dalilinsu ba, sun ce jinsin namiji ya fi daraja. Daɗin daɗawa, ƙananan sana'o'i duk suna da sunan mace, akwai na mai tuya, da na mai wanki, da na baranya, amma da an hau sama zuwa minista ko alƙali ko shehun malami sai a ce babu. Inda ma aka sami sunan, sau da yawa matar mai muƙamin ake nufi: "ambassadrice" a da matar jakada ce. Saboda haka abin da matan Faransa suka nema shi ne a fito da alamar mace fili, a daina lulluɓe ta da rigar namiji.

Wanda ya tsaya musu a hanya shi ne majalisar nan mai tsaron harshen Faransanci, wadda Kadinal Richelieu ya kafa a 1635, mai kujeru 40. Shekara 345 ta yi ba mace a cikinta, sai a 1980 aka zaɓi Marguerite Yourcenar. Masu Faransanci na lardin Kwibek a Kanada ba su jira ta ba, tun 1979 hukumar harshensu ta ba da shawarar a riƙa ba muƙamai sunan mace. A Faransa, minista Yvette Roudy ta kafa kwamiti a 1984 a ƙarƙashin marubuciya Benoîte Groult, majalisar harshe ta yi tir da shi, umurnin gwamnati da ya biyo baya a 1986 kuwa bai yi wani tasiri ba. Sai a 1998, bayan matan da ke cikin gwamnatin Lionel Jospin sun dage a kira su "Madame la ministre", aka sake ba da umurni, abin ya fara zama. Ita majalisar ba ta sauko ba sai a watan Fabrairu na 2019, lokacin da jama'a suka riga suka yi nisa.

Ba a gama da wannan ba sai ga wata sabuwa. Wasu suka fara sa ɗigo a tsakiyar kalma don ta ɗauki namiji da mace a lokaci guda. A 2017 majalisar harshe ta ce wannan barazana ce ga ran Faransanci, Firayim Minista Édouard Philippe ya hana shi a takardun gwamnati, a 2021 kuma aka hana shi a makarantu. Sa'an nan akwai mutanen da suke cewa su ba sa ɗaukar kansu maza ko mata, suna so a ambace su da lamiri na daban. A Turanci suka ɗauki "they", wadda tun ɗaruruwan shekaru ake amfani da ita ga mutum ɗaya in ba a san ko wane ne ba, ƙamus na Merriam-Webster ya shigar da sabuwar ma'anar a 2019. A Faransanci aka ƙera "iel", aka haɗa rabin lamirin namiji da rabin na mace, ƙamus na Robert ya sa ta a 2021, ƙasa ta ɗauki zafi. A watan Afrilu na 2025 kuma Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke cewa kalmar "woman" a dokar daidaito ta 2010 jinsin haihuwa take nufi. Shekara kusan 100 bayan shari'ar Kanada, har yanzu alƙalai ne ke zama a kan ma'anar kalma guda.

To, ina gaskiya take? Wajibi ne a rarrabe al'amuran, kada a haɗa su a ƙwarya ɗaya. Game da muƙamai da dokoki, matan nan suna da hujja, tarihi ma ya ba su gaskiya. Dokar da ta ce "shi" tana nufin kowa ta bar wa alƙali ƙofa, ranar da ya ga dama ya ce maza kaɗai take nufi. Kuma yarinyar da ta tashi ba ta taɓa jin an ambaci mace da sunan babban aiki ba, da wuya ta sa wa ranta shi. Game da ɗigon nan kuwa, masu suka ma suna da tasu hujjar, don rubutun da baki ba zai iya karantawa ba wahala ce ga ɗan koyo da wanda karatunsa bai yi zurfi ba. Batun sababbin lamirai kuma, ƙamus ba kotu ba ce, aikinta ta rubuta abin da mutane ke faɗa. Kalmar da bakin jama'a ya karɓa za ta zauna, wadda ya ƙi za ta mutu, ko da wace majalisa ce ta ɗaure mata gindi ko ta yi mata tofin Allah tsine.

Amma babban kuskure shi ne a zaci gyaran nahawu kaɗai zai gyara zaman mata. Mazauna Sabo da Agege da Shagamu ba sa bukatar a kai su nesa neman misali. Yarabanci ba ya bambanta "shi" da "ita", lamiri ɗaya ne ga kowa, haka Ibo, haka Fillanci. Shi ya sa Bayarabe mai koyon Hausa yakan ce wa mace "ya zo", yara su yi ta dariya. Duk da haka matan waɗannan al'ummu ba su tsira daga matsalar gado da ta karatu da ta muƙami ba. Harshen Farisa da na Turkiyya ma babu jinsi a lamirinsu. Ita kanta Faransa, matanta sun sami ƙuri'a a 1944, matar aure kuma ta sami ikon yin aiki da buɗe asusun banki ba da izinin miji ba a 1965, duk kafin a taɓa nahawu. Wanda ya tsaya a kan kalma ya manta da doka da makaranta da asibiti, ya bar jaki yana dukan taiki.

Hausa fa? Abin da Faransawa suka yi shekara 35 suna ja-in-ja a kansa, Bahaushe ya same shi a gado. Akwai malam da malama, ɗalibi da ɗaliba, marubuci da marubuciya, ma'aikaci da ma'aikaciya. Da aka naɗa mace minista ba wanda ya kira taro, sai kawai aka ji rediyo yana cewa "ministar ta ce". Hausa tana bambanta "kai" da "ke", abin da Turanci da Faransanci ba su yi, a jam'i kuma ba wanda ya rinjayi wani, "sun zo" ya ishi kowa. Sarautun mata irin su Magajiya da Iya sun daɗe, kamar yadda Yarabawa suke da Iyalode da Iyaloja. Sai dai kada a yi saurin yabon kai. In mace ta yi abin bajinta sai a ce ta yi namijin ƙoƙari, in kuwa ana so a rena magana sai a ce zancen mata ne. Wannan ba laifin nahawu ba ne, halin masu magana ne, su ne kuma za su iya gyarawa.

Inda gizo ke saƙa a Nijeriya shi ne takardun da aka rubuta da Turanci. Tsarin mulki na 1999 da "he" yake ambaton shugaban ƙasa da gwamna, an dogara ga dokar fassara wadda ta ce kalmar namiji ta haɗa da mace, watau gadon dokar Ingila ta 1850. A sashe na 26 kuwa bambancin a fili yake: baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba shi da wannan hanya, sai ya bi ta sashe na 27 mai neman zaman shekara 15. Duk uban da ya aurar da 'yarsa ga mutumin Maraɗi ko Kumasi ko Garwa, wannan magana ta shiga gidansa. Haka kuma macen da aka haifa a Ikko, iyayenta 'yan Katsina, mijinta ɗan Sakkwato, in ta je neman aiki ko muƙami sai kowace jiha ta ce ba tata ba ce. A watan Maris na 2022 an kawo shawarwari biyar na gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, har da waɗannan biyu, Majalisar Tarayya ta yi watsi da su. Bayan zaɓen 2023 kuma mata ba su wuce huɗu ba cikin sanatoci 109.

Ba a manta ba cewa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan neman wannan hakki. Abin da ya rage yanzu bai kai wancan wuya ba. Sarakunan Hausawa na biranen Kudu, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin mata, suna da bakin magana da wakilan da ke zuwa neman ƙuri'arsu. Su tambaye su matsayinsu a kan sashe na 26 da batun asalin jihar matar aure. Masu fassara dokoki da sanarwar gwamnati zuwa Hausa su riƙa cewa "namiji ko mace" a inda doka ke nufin kowa, don kada wata ta ji sanarwa ta zaci ba da ita ake ba. Iyaye kuma su sa 'ya'ya mata a makaranta su bar su su kammala, domin sunan likita ko lauya ko alƙaliya ba ya amfanin komai in babu wadda za a kira da shi. Allah Ya sa a gane, Ya kuma ba da ikon gyarawa.