SHARHI: Tarihin jirgin Hangor da sabuwar gasar makamai a ƙarƙashin Tekun Indiya

A watan Afrilun 2024 aka saki wani sabon jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa a birnin Wuhan na China, shi ne na farko cikin guda 8 da Pakistan ta ƙulla yarjejeniyar saya a 2015. An tsara ƙera huɗu a China, sauran huɗun kuma a Karachi. Sunan da aka laƙaba wa rukunin jiragen, wato Hangor, saƙo ne ga Indiya, domin yana tuna mata wani dare da rundunar sojin ruwanta ba ta manta ba.

Hangor na asali ƙirar Faransa ne, samfurin Daphné. Sa'ad da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a ranar 3 ga Disamban 1971, rundunar ruwan Pakistan ta shiga tsaka mai wuya tun daga farko. Jirginta na ƙarƙashin teku mai suna Ghazi, wanda aka tura farautar jirgin dakon jiragen saman Indiya, Vikrant, ya nutse da dukkan mutanen cikinsa kusa da Visakhapatnam. Ƙananan jiragen Indiya masu ɗauke da makamai masu linzami kuma suka kai wa tashar Karachi hari har sau biyu, a ranakun 4 da 8 ga wata.

A daren 9 ga Disamba, Hangor ƙarƙashin jagorancin Kwamanda Ahmad Tasnim ya ci karo da jiragen Indiya biyu, Khukri da Kirpan, waɗanda aka turo nemansa a kusa da gaɓar Diu. Makamin tofido na farko da ya harba wa Kirpan bai yi tasiri ba. Na biyu ya sami Khukri, wanda ya nutse cikin 'yan mintuna, tare da hafsoshi 18 da ƙananan sojoji 176. Kyaftin ɗinsa, Mahendra Nath Mulla, ya zaɓi ya tafi tare da jirginsa. Wannan shi ne karo na farko tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu da jirgin ƙarƙashin teku ya nutsar da jirgin yaƙi. Indiya ta shafe kwanaki tana farautar Hangor ta sama da ta ruwa, amma ya koma Karachi lafiya. A 2006 aka yi masa ritaya, yau yana gidan tarihin sojin ruwa na birnin.

Darasin da hafsoshin Pakistan suka ɗauka shi ne cewa jirgin ƙarƙashin teku makamin mai ƙaramin ƙarfi ne. Guda ɗaya da ba a san inda yake ba ya isa ya tilasta wa babbar runduna ta karkatar da jirage da dama zuwa nemansa. An sake ganin haka a 1982, lokacin da jirgin Birtaniya Conqueror ya nutsar da General Belgrano, mutum 323 suka mutu, manyan jiragen Ajantina suka janye zuwa gaɓa har yaƙin ya ƙare. Tunda galibin cinikin Pakistan da ƙetare ta Karachi yake bi, abin da take tsoro shi ne a toshe mata wannan ƙofa. Sababbin jiragen suna da na'urar da ke ba su damar daɗewa a ƙarƙashin ruwa ba tare da tasowa shaƙar iska ba, wanda ke sa gano su ya ƙara wuya.

Indiya ma ba ta zauna ba. A Janairun 2025 ta ƙaddamar da Vagsheer, na shida cikin jiragenta samfurin Scorpène na Faransa, kuma tun 2016 take da Arihant mai aiki da makamashin nukiliya. Arangamar kwana huɗu da ƙasashen suka yi a Mayun 2025 ta nuna yadda wuta ke saurin kamawa tsakanin maƙwabtan biyu, waɗanda kowace ke da makaman ƙare dangi. A cikin teku, inda kwamanda ba ya iya tantance irin makamin da jirgin abokin gaba ke ɗauke da shi, kuskure ɗaya na iya jawo abin da ba wanda ya shirya masa.

Akwai kuma wani darasin da bukukuwan tunawa ba su cika ambata ba. Mako guda bayan nutsewar Khukri, a ranar 16 ga Disamba, sojojin Pakistan suka miƙa wuya a Dhaka, aka kama fursunoni kimanin 93,000, Gabashin Pakistan ya zama Bangladesh. Kalmar hangor kanta daga harshen Bengali take, ma'anarta kifin shak, harshen mutanen da suka ɓalle bayan an ƙi mutunta sakamakon zaɓen 1970. Jirgin ya yi aikin da aka tura shi, amma rikicin siyasa ne ya raba ƙasar, kuma jirage takwas ba za su warware irinsa ba in ya sake tasowa.