CIF LUTHULI: SARKIN DA YA BAR RAWANI DON JAMA'A

A shekarar 1952 gwamnatin Turawa 'yan tsiraru ta Afirka ta Kudu ta kira Cif Albert Luthuli zuwa Pretoria, ta ce ya zaɓi ɗaya: ko sarautar Groutville wadda yake riƙe da ita tun 1936, ko ƙungiyar ANC. Ya ƙi barin ƙungiyar, ya kuma ƙi yin murabus, domin jama'a ne suka zaɓe shi. A watan Nuwamba aka tuɓe shi. Watan da ya biyo baya 'yan ANC suka naɗa shi shugabansu.

Duk wanda ya san darajar rawani ya san abin da mutumin nan ya sadaukar. Ga albashi, ga girma, ga zaman lafiya da iyali, duka ya ajiye. A wannan shekara mutum fiye da 8,000 suka shiga kurkuku saboda karya dokokin wariyar launin fata da gangan, ba tare da sun ɗauki ko sanda ba. Lalle shugaban da ke kiran talakawa su jure wa kulkin ɗan sanda, wajibi ne a ga abin da shi kansa ya rasa, in ba haka ba kiransa yaudara ne.

Bayan haka aka yi ta tsare shi a yankinsu, aka hana shi halartar taro. A 1956 aka kama shi bisa zargin cin amanar ƙasa. Da 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville ran 21 ga Maris 1960, sai ya ƙone takardar fas ɗinsa a bainar jama'a, aka sake kulle shi.

Masu cewa wannan hanya ta matsorata ce ba su yi masa adalci ba. Gaskiya ne kwana shida bayan ya karɓi lambar yabo ta Nobel a Disamban 1961, 'yan'uwansa suka fara kai hari da bama-bamai, don haƙurinsu ya ƙare. Shi bai sake hanya ba, amma bai tsine musu ba.

Ya rasu ran 21 ga Yuli 1967, hukuma ta ce jirgin ƙasa ne ya buge shi. Iyalinsa ba su taɓa yarda ba. Sai a 2025 babbar kotu a Pietermaritzburg ta sake bincike, ta yanke cewa dukan 'yan sandan tsaro ne ya kashe shi.