Mun iya zaɓen sheƙin bango, ba mu iya tambayar ɗinki ba

Maganata ta wannan mako za ta sosa wa wasu rai, amma ni na fara faɗawa ramin, don haka ina da bakin magana.

Marubuci zai yi shekara biyu yana fama da labari, ya ci bashi, ya tafi maɗaba'a. Da an zo batun kammala aiki, tambayarsa ɗaya ce: "Za a sa mini ruwan gwal a sunana?" Zai yi awa guda yana zaɓe tsakanin ledar bango mai sheƙi da marar sheƙi, amma ba zai buɗe baki ya tambayi yadda za a haɗa shafukan ba. Wannan sakaci ne, kuma mai karatu muke cuta da shi.

Littafina na farko shafi 184 ne, kwafi 500. Bango ya yi kyau, ranar ƙaddamarwa an sha hotuna, na ɗora a Facebook ana ta yi mini san barka. Bazara na shigowa wata malamar makaranta da ta sayi kwafi goma ta aiko mini da hoto: shafuka sun zube kamar ganyen darbejiya. Na koma wurin mai maɗaba'a da zafina, ya dube ni ya ce, "Malam, ai ba ka ce a ɗinka ba." Gaskiya ya faɗa. Ban ce ba, domin ban san ana cewa ba.

Hanya uku aka fi bi wajen haɗa littafi. Akwai ɗinkin waya, wato a ninke takardu biyu a buga musu fil a tsakiya. Shi ya riƙe littattafan adabin kasuwar Kano, waɗanda ake rabawa na ɗaya, na biyu, na uku, kuma mun ga yadda suka riƙa yawo hannu zuwa hannu a shagunan haya. Ga siririn littafi ba shi da laifi ko kaɗan, muddin yawan shafukan ya rabu huɗu-huɗu. Amma da ya haura shafi 60 ko makamancin haka sai ya fara buɗe baki, ya ƙi kwanciya, ga tsatsa idan damina ta yi masa.

Sai na gam, wanda kowa ke rububi yanzu don yana ba littafi kamannin na ƙasar waje. Yadda ake yinsa shi ne a yanke gindin takardun, a karce shi, a shafa gam mai zafi, a manna bango. Ke nan kowane shafi zaman kansa yake yi, gam kaɗai ke riƙe da shi. Gam ɗin da aka saba amfani da shi kuwa da zafi ake narkar da shi, don haka zafi na iya sake sassauta shi. To ku tuna inda littattafanmu ke kwana: but ɗin mota, shagon kwano, tebur a bakin titi cikin ranar Afrilu da ke haura digiri 40. Idan aka haɗa da mai aikin da ya yi rowar gam ko bai karce gindin sosai ba, sai abin da Allah ya yi. Akwai gam mai ƙarfi da ake kira PUR wanda ya fi jure zafi, sai dai ya fi tsada kuma ba kowace maɗaba'a ke da injinsa ba.

Na uku shi ne ɗinkin zare. Ana ninke takardu ƙunshi-ƙunshi, galibi shafi 16 ko 32, a ɗinke su da zare, sannan a sa gam a manna bango. Ko gam ya gaji zare na nan. Shi nake faɗa a kai. Duk wanda littafinsa ya kai shafi 150 kuma yana fatan ya shiga makaranta ko laburare, ya cire kuɗin ruwan gwal ya zuba a nan.

Na san abin da za a ce mini a ƙasa: bango ke sayar da littafi. Na yarda, bango ke sayar da kwafin farko. Wanda littafinka ya tarwatse a hannunsa ba zai sayi na biyu ba, kuma mai shago ba zai sake karɓar kayanka ba. Wasu kuma za su ce ai yanzu a waya ake karatu, a WhatsApp da Wattpad. To wannan hujjata ce ba taku ba. Wanda ya bar na waya ya cire kuɗi ya sayi na takarda, ajiyewa yake son yi.

Ko a batun ledar ma yayi muke bi. Kowa ya koma marar sheƙi wai ta fi aji. A kan bango mai duhu tana nuna zanen yatsa da ƙarzuwa tun kafin littafi ya bar kwali. Mai sheƙin da muke rainawa ta fi araha, kuma idan ƙurar hunturu ta hau ta, tsumma ɗaya ya isa.

Abin da nake yi yanzu kafin in biya kuɗin ƙarshe: ina sa a rubuta mini a takardar ciniki nauyin takardar ciki, giram 70 ne ko 60, da nauyin katin bango, 250 ko 300, da irin haɗin da za a yi. Ina duba an bar fili isasshe ta gefen ɗinki, don kada gam ya cinye farkon layi. Sannan a ba ni samfuri guda. In buɗe shi ta tsakiya in danne a tebur, in kama shafi ɗaya in ɗaga littafin da shi, in bar shi a rana yini guda in sake gwadawa. Mai maɗaba'ar da ya ɓata rai don na yi haka, na karɓi fayil ɗina na yi gaba.

Kwafi 140 na wancan littafi suna nan a ƙarƙashin gadona har yau. Mai son ganin yadda ruwan gwal ke sheƙi a kan shafukan da aka ɗaure da kyauro, ya yi mini magana.